Othniel Ba Shi da Olsa

Hayin Dogo, Samaru, Zariya
30 ga Mayu, 2003

Zuwa ga Yaya Winifred,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da marasa lafiyarki da sanyin nan naku na Mambila. Yaya hawan jinin? Kina dai shan maganinki, ko kina can kina ɗura wa mutane kin manta da kanki? Na san halinki.

Mu nan lafiya lau. 'Yarki Elizabeth tana makarantar kwana, ta aiko a gaishe ki. Surukata Mama Josephine tana nan tare da mu, olsa ce dai ke damunta kamar kullum, kuma har gobe ba ta yarda barkono yana da laifi ba. Ni kuma ina nan ina fama da 'yan aji huɗu. An kawo mana sabon Fasto. Matarsa ta ga hotonki a falo da farin kayan nas, ta ce lalle uwa ɗaya uba ɗaya muke. Na fara yi mata bayanin cewa kakana da kakarki ne wa da ƙanwa, sai na ga abin zai yi tsawo, na ce mata e, yayata ce, ita ta riƙe ni a Kagoro.

Dalilin wannan takarda shi ne, maigidana Othniel ya ɗan ji ciwo a wurin aiki. Kin san injin nan na tsaga katako da yake kai a Sabon Gari. Wani katako ne ya kuɓuce ya dawo baya ya buge shi. Mun je asibiti an duba shi, yanzu yana gida, kuma jiki da sauƙi ƙwarai. Don Allah kada ki sa abin a ranki. Abin da ya rage ciwon jiki ne, ko juyi ba ya iya yi sai ya cije baki. Farasitamol suka ba shi, shi kuwa ya ce gara a ba shi gyaɗa, ita ko ba komai za ta yi masa daɗi a baki.

Shi ne ya tuna da ƙwayoyin nan 'yan rawaya da kika ba ni bara da na yi targaɗe, waɗanda suka tashe ni cikin kwana biyu. Ya ce in roƙe ki ki aiko masa da su, don shi maganin da bai fito daga hannunki ba bai ɗauke shi magani ba. Ki turo su ta wurin Albert direba kamar yadda muka saba, zai ajiye mini a kemis ɗin Chiedozie da ke bakin tashar Sabon Gari.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Ƙanwarki,
Sarah

Mambila
11 ga Yuni, 2003

Ƙanwata Sarah,

Alheri da salama su kasance tare da ku. Takardarki ta iso jiya ta hannun mai motar ayaba da Albert ya ba a Jalingo. Ina lafiya, ina shan maganina, kuma ban san yaushe kika zama likita ba da har kike bincikena. Ruwa ne dai ba ya ɗaukewa, shanya sai ta yi kwana huɗu ba ta bushe ba. Abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, ni kaɗai ce nas a wannan asibiti, tun daga karɓar haihuwa har ɗinkin wanda saniya ta tunkuya. Oba-obar da muke magana da Jos ta mutu tun Ista. Wayar salula kuwa da kuke yayi a birni, labarinta kawai muke ji.

Na ji abin da ya sami Othniel, ki yi masa sannu. Tun yaushe nake gaya masa ya daina tsayawa daidai bayan katako in inji yana ci? Amma mutumin nan in ya kafe sai dai a bar shi. Ke kuma, malamar makaranta guda, kin cika mini layi biyar da labarin matar Fasto amma ba ki faɗi inda katakon ya same shi ba. Tunda dai kin ce kun je an duba shi kun dawo gida, na ɗauka tsamin jiki ne, baya ko haƙarƙari. Irin wannan kullum muna ganinsa a nan. Kin ce kada in sa a raina, to ban sa ba.

Ga ƙwayoyin nan na sa a leda, sunansu diclofenac. Ya sha ɗaya sau uku a rana bayan ya ci abinci, mako biyu ya ishe shi. Ki ja kunnen Mama Josephine kada ta kuskura ta taɓa ko guda don ciwon gwiwa, na san tsofaffi da son maganin wani. Mai olsa ba ya shan wannan, cin bangon ciki yake yi. Ga kuma ganyen shayi da zuma kwalba ɗaya. Zumar ta Mama ce, ba ta mijinki ba, ki gaya masa ni na faɗa.

In ya ji ƙarfi ya koma bakin aikinsa. Irinsa in ya zauna a gida, ke zai sa gaba da surutu.

Yayarki,
Winifred

Hayin Dogo, Samaru
4 ga Yuli, 2003

Yaya Winifred,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Muna lafiya. Saƙonki ya iso ranar ashirin ga watan jiya, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Maganinki ya yi aiki. Kwana uku da farawa sai ga Othniel a ƙofar gida yana rigima da maƙwabcinmu a kan akuya, a nan na san mijina ya dawo.

Yanzu da hankali ya kwanta zan gaya miki gaskiyar abin da ya faru. Ki yi mini faɗa in kin ga dama, ai kina nesa. Kin san yadda muka tashi, ba a sa mugun labari a takarda sai ya wuce. Ga hawan jininki, ga shi ba a cika shekara da rasuwar maigidanki ba. Othniel da Mama suka ce kada in ɗaga miki hankali, ni ma ra'ayina ke nan.

A ciki katakon ya same shi, ɗan sama da cibiya, ranar Litinin sha biyu ga Mayu. Ko ɗigon jini babu a waje, har ya tashi ya karkaɗe riga ya ce a ta da inji. Kafin ƙarfe biyu ciki ya ɗaure tamau, gumi yana zuba. Abokan aikinsa suka kai shi asibiti aka aiko mini a makaranta. Ashe hanji ne ya fashe. A ranar aka yi masa tiyata, aka yanke wurin da ya lalace, kamar tsawon tafin hannuna, aka haɗa aka ɗinke. Kwana goma sha shida muka yi. Mako guda bai sa komai a baki ba, ga roba a hanci, ga ƙarin ruwa a hannu. Yaya, na yi kuka har na gaji, amma Allah ya ji addu'armu.

Da za a sallame mu aka haɗo mu da magani cike da leda. Ban da farasitamol da maganin ƙarin jini, akwai wani kafso, omeprazole, ɗaya da safe kafin karin kumallo, da wasu manyan fararen ƙwayoyi, sucralfate, sau huɗu a rana, su ma wai sai ciki ba komai. Wai har mako takwas. Likitan ya yi bayani da sauri yana tafiya. Abin da na riƙe shi ne kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kuma kada ya sha maganin wani ba da saninsu ba. Amma ai ke ba wani ba ce.

Othniel ya sa na karanta masa takardar da ke cikin kwalin, sai ga shi duka biyun maganin olsa ne. Ya ce, "Ni katako ya buge ni, wa ya ce masu ina da olsa? Sun haɗa katina da na wani ne. Kuma ina aka taɓa shan magani ba a ci abinci ba?" Ya sha na mako guda don kada in yi fushi. Daga nan olsar Mama ta tashi, tana ta juyi a tabarma, shi kuwa ya ɗauki ledar ya miƙa mata ya ce ga mai abu nan. Ki zo ki ga Mama yanzu. Tuwo take ci har da yaji, ta ma tashi ta ba da shaida a Zumuntar Mata. Kin ga ba a yi asarar maganin ba.

Abin da ya ɓata mini rai jiya ya faru. Ƙwayoyinki sun ƙare, na ɗauki fankon na je wurin Chiedozie in ƙaro. Ya juya shi ya kalle ni ya ce, "Na Oga ne? Wanda an yanka shi ciki?" Na ce e. Ya ce, "Madam, ba na sayar maki. Wannan magani zai huda shi. Ki koma asibiti ki nuna likita." A gaban mutane fa, Yaya. Na ce masa wadda ta aiko da shi shekararta ashirin da huɗu tana aikin nas, tun yana yawo da gajeren wando. Mutumin da ke ƙulla ƙwaya ɗai-ɗai a takardar jarida shi zai koya mini? Ban da takardunki da ake ajiyewa a can, da ƙafata ba ta sake taka shagon nan ba.

Don haka ki ƙara aiko mana. Ƙorafinsa yanzu bai wuce bayan gida da ya yi baƙi ba, amma an gaya mana maganin ƙarin jini yana sa haka. Wani lokaci ƙirji yana yi masa zafi, sai in dama masa kunun kanwa.

Mama tana godiyar zuma.

Ƙanwarki,
Sarah

Mambila
15 ga Yuli, 2003

Sarah,

Ina lafiya, ku ne ban sani ba. Ki karanta wannan a tsaye.

Othniel ya daina shan diclofenac yau. Kada ki nemo shi a ko'ina, kada ki ba shi asfirin ko wani maganin ciwon jiki na kasuwa. Ki kai shi asibitin da aka yi masa aiki a ranar da takardar nan ta same ki, ko da ya ce garau yake, ko da zai zage ki.

Kafin ku fita ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba. Ya kamata ki ga ja. In kin ga fari, jini yake zubarwa a ciki. Ki sa shi ya miƙe tsaye ki ga ko jiri zai ɗebe shi. Gaskiya ne maganin ƙarin jini yana sa bayan gida ya yi baƙi, amma nasa da tauri yake, ba ya wani wari. In yana danƙo kamar kwalta, yana warin da ba ki saba ji ba, wannan jini ne. Haka in ya yi amai kika ga baƙi-baƙi kamar ganyen shayin da ya kwanta a gindin kofi.

Ki gaya wa mai taurin kan nan ba a haɗa katinsa da na kowa ba. Cikin mutum yana da ruwan tsami mai narkar da abinci, wanda da zai samu dama da ya narkar da cikin kansa. Abin da ke hana shi wani yauƙi ne da ke shafe a bangon. In jiki ya sha mugun rauni, sai ya janye jini daga ciki da hanji ya tura zuciya da ƙwaƙwalwa, bangon ya yi rauni, yauƙin ya ragu. Ga shi ya yi mako bai ci komai ba. Kafson nan rage tsamin yake yi. Farar ƙwayar kuma mannewa take yi a inda ya ƙuje, kamar yaɓe a katanga, shi ya sa ake shanta ciki ba komai, don in akwai tuwo, tuwon za ta bi. Ba don yana da olsa aka ba shi ba, don kada ya same ta ne. Wanda na aiko kuwa aikinsa kenan wanke yauƙin nan, kuma yana hana jini saurin tsayawa. Kun cire masa abin da ke tsare shi, ni kuma na aiko da abin da ke cin sa.

Laifina ba zan ɗora wa kowa ba. Abu na farko da nake koya wa ɗalibai shi ne ba a ba da magani ga wanda ba a gani ba. Na ga ba ki faɗi inda ya bugu ba, na yi miki tsiya a kai, amma na ƙulla ƙwayoyi na aiko. Ki tafi da fankon da takardata ta farko, ki nuna wa likita, ki ce ni na bayar. Sai dai ke ma ina fushi da ke, Sarah, fushi sosai. An farke cikin mijinki, kin rubuto mini ya ɗan ji ciwo. Kin ji tausayin hawan jinina, to na auna shi ɗazu, bai taɓa kai inda ya kai yau ba.

Mama kuma a yankar mata nata kati a ba ta nata maganin. Chiedozie ya fi mu gaskiya ni da ke, ki je ki ba shi haƙuri.

Da na taho da kaina, amma ƙasa ta zaftaro ta rufe hanya a kan dutse tun ranar Lahadi, babu motar da ke hawa ko sauka. Takardarki ma a ka aka hauro da ita. Ga yara bakwai kwance da ƙyanda, ba wanda zan bar wa. Wani mai bishara zai sauka Serti da ƙafa gobe, shi zan ba wannan, Allah ya sa ya sami mota. Daga yau kada ki sake rubuta mini jiki da sauƙi. Ki rubuta abin da idonki ya gani.

Winifred

Hayin Dogo, Samaru
24 ga Yuli, 2003

Yaya Winifred,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya ruwa? Muna lafiya. Muna cikin jarrabawa, mako mai zuwa za a ba da hutu, Elizabeth ma tana hanya.

Yau mako uku ke nan da na rubuta miki, ban ji daga gare ki ba. Ranar Talata na tare Albert a cikin tasha, don ba na son shiga shagon mutumin nan ba dalili, ya ce ba a ba shi komai ba a Jalingo. Na zauna na yi ta tunani. Ko dai kin yi fushi ne don na ɓoye miki maganar tiyata? In haka ne, ai gara ki rubuto ki wanke ni tas kamar yadda kika saba, na fi gane wannan. Ko kuwa roƙon magani ne ya yi yawa? Ni dai ban taɓa ɗaukarki 'yar uwa ta nesa ba, shi ya sa nake sakin baki. Shirun nan ya yi mini zafi, gara in faɗa miki.

Maganar ƙwayoyi kada ki damu, na samu. Wani mai tebur a kasuwar Samaru yana da irinsu sak, har launin, kuma shi bai tsaya yi mini tambayoyi ba. Othniel ya ci gaba da sha sau uku kamar yadda kika ce, bayan abinci, ban taɓa bari ya yi fashi ba.

Ranar Litinin ya koma wurin aiki. Kwana biyu kawai ya yi ya dawo, wai jiri yake gani in ya sunkuya. Ya ce zazzaɓin damina ne, na ba shi maganin zazzaɓi. Abinci ne ba ya ci sosai, sai ya yi loma uku ya ture. Ya yi haske kuwa, Mama tana ta tsokanarsa wai zaman ɗaki ya mai da shi ango. Jiki dai da sauƙi.

Mun sa ranar godiya a coci, Lahadin farko ta Agusta. Zumuntar Mata har sun fara koyon waƙa, abokan aikinsa na katako sun ce za su zo su ashirin. Na so a ce kina nan, don ba wanda ya kai ki hannu a warkewar nan. Ko layi biyu ne ki rubuto.

Ƙanwarki,
Sarah

Asibiti, Zariya
9 ga Agusta, 2003

Yaya Winifred,

Ina gaishe ki. Kin ce in rubuta abin da idona ya gani, to ga shi. Othniel yana da rai. Muna asibiti yau kwana goma.

Takardarki ta iso shagon Chiedozie ranar Litinin ashirin da takwas ga Yuli. Ya aiko mini ta bakin Oby, maƙwabciyarmu da ke sayar da atamfa a Sabon Gari, cewa in zo in karɓa. Na ce in na sami sukuni. Washegari ya sake aikowa, na ce ina cika katin sakamakon yara. Gaskiyar magana fuskarsa ce ba na son gani. Ranar Laraba da hantsi ya kulle shagonsa ya hau bas zuwa Samaru, ya bi gida gida yana tambaya har ya same mu. Ya ce, "Madam, an rubuta gaggawa sau uku da jan biro, ni ba zan iya ajiye shi ba."

A tsaye na karanta. Othniel yana kwance a doguwar kujera. Na ja fatar idonsa, fari fat kamar allin da nake rubutu da shi. Na ce ya tashi, ya ce me ya faru, na ce ka tashi dai. Yana miƙewa jiri ya ɗebe shi ya zube. Chiedozie ne ya goya shi har bakin titi.

A asibiti suka ce jininsa bai kai rabin na mai lafiya ba. Da suka sa masa roba a hanci, abin da ya fito irin wanda kika kwatanta ne. Leda huɗu aka ƙara masa, uku daga mutanen katako, ɗaya daga Chiedozie. Suka zura masa wata roba mai fitila ta baki suka ga gyambo biyu a tumbi, ɗaya yana tsatsafar da jini. Ɗinkin hanjin kuwa yana nan bai motsa ba, likita ya ce wannan sai dai mu gode wa Allah. Kwana uku ta jijiya ake ba shi maganin rage tsamin. Jinin ya tsaya tun ranar Lahadi, ranar da ya kamata a ce muna rawa a coci. Shekaranjiya bayan gidansa ya dawo daidai, ni na duba da idona. Yana shan koko da ruwan miya. Ba ya iya zuwa bakin ƙofa sai an riƙe shi. Sun ce in bai sake zuba ba, mako mai zuwa za mu koma gida, aikin inji kuwa a manta da shi sai baɗi.

Likita ya tambayi wanda ya ba shi ƙwayoyin. Ban nuna takardarki ba, kuma ba zan nuna ba. Na miƙa masa fankon na kasuwa na ce ni na saya, ai ba ƙarya na yi ba. Ya wanke ni a gaban kowa. Ke abin da na rubuta miki kika yi wa magani.

Mama ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, sai cewa take, "Ni ne na shanye maganin ɗana." Da ƙyar matar Fasto ta lallashe ta. An yankar mata kati, tana da nata yanzu, kuma na raba musu gwangwanin ajiye magani. Na Othniel a jakata yake, ni nake ba shi, awa guda kafin abinci, yana sha ba musu. Na ba Chiedozie haƙuri, ya ce in bar maganar in je in kula da Oga. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kwana biyun nan da takardarki ta yi a kan kantarsa, ina gida ina ba mijina ƙwaya sau uku a rana. Guda shida ke nan, na ƙirga.

Othniel ya ce in ba shi biro da sauran takardar, kuma kada in karanta, shi zai liƙe ambulan. Zan fita in samo masa koko.

Ƙanwarki,
Sarah

Yaya, Othniel ne. Ina gaisuwa. Akwai allura a hannuna, ki yi haƙuri da rubutun.

Sarah ta ce laifinta ne, Mama ta ce nata ne, ke ma kin rubuta naki ne. Ni ina kwance ina jinku. Ranar da na koma wurin aiki na yi amai a bayan rumfa, da jini a ciki. Na tura garin katako da ƙafa na rufe. Na sake yi sau biyu a gida bayan Sarah ta tafi makaranta, na wanke kwanon da kaina. Na san ba zazzaɓi ba ne. Kwana tara tana tambayata ina ce mata da sauƙi, don na ga yadda ta rame a kwanciyar farko, ban so in sake mai da ita kan bencin asibiti.

Ba ta sani ba har yanzu. Ke na fara gaya wa don kina nesa, ba za ki kalle ni ba. Ciki yana ciwo, kuma na ji tsoro, Yaya, har yanzu ina ji. Na yi wa kaina alkawari zan gaya mata kafin takardar nan ta bar Zariya.

Ga ta nan ta shigo. Bari in tsaya nan.

Othniel